Haƙorin da Ya Je Ingila

Shafi na 17

Ku sarara mini haka nan, jama'a. Tun jiya wayata take kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. "Inna 'Yar'azumi, ina ci gaba?" "Inna, kin bar mu a rataye." Wata ma cewa ta yi wai shiryawa nake, ina Haɗeja ta ga gwajin di-en-e a shekarar casa'in da shida. Yarinya, lokacin uwarki ko ɗaurin ƙirji ba ta fara ba. Ni ina wurin, da idona da kunnena.

Sababbin shigowa, ku matso in guntsa muku, don ba zan maimaita ba.

Shekarar da ruwa ya cinye fadamar Auyo, kwale-kwale ya kife da mutum biyu. Shu'ibu mai tuƙi, ɗan maƙwabciyata Umma, da Malam Filibus, malamin firamare mutumin kudancin Kaduna, wanda yake tsallakarwa zuwa makaranta. Gawa ɗaya masunta suka tsinto a cikin ciyawar kacala bayan kwanaki. Babu fuska, babu riga, sai gajeren wando. Shi mai tuƙi dama haka yake aiki, su kuma malamai in za su tsallaka, tuɓe kayansu suke su ƙulle a leda don kada su shiga aji a jiƙe. Amma a damtsen gawar akwai kambu na jar fata, irin layar nan ta tsarin ruwa, wanda Umma da kanta ta sa baduku ya ɗinka wa Shu'ibu. Aka ce shi ne. Kafin la'asar an binne shi. Sai dai likita ya zare haƙori ɗaya ya adana a kwalba, ya ce mutum biyu suka ɓata, shi ba zai rantse ba.

Yelwa matar Shu'ibu ta yi takaba ta fita. Rifkatu matar Malam tana nan tana jiran miji. Ƙanwar Malam kuwa, Dibora, wadda take aikin gwajin jini a Ingila, ta zo ta ɗauki haƙorin, ta ɗebi jinin Umma da na Rifkatu da na Rut 'yar Rifkatu, ta tafi. Kun tuna irin damben da aka sha kafin Umma ta miƙa hannu.

Shiru, shiru, har mutane suka manta. Bala mai shinkafa na Auyo ya fito neman Yelwa, aka sa ranar Juma'a.

To, ran Laraba da hantsi ina shara sai na ji tsayuwar acaɓa biyu a ƙofar gidan Umma. Na leƙa ta saman katanga. Dibora ce da Rifkatu.

Nan take na tuna ina buƙatar rariya. Ina da guda biyu a ɗaki, amma ta Umma ta fi tankaɗe.

"Salamu alaikum, Umma, ko rariyarki tana kusa?"

"Tana inda kika mayar da ita shekaranjiya," in ji Umma. "Zauna, 'Yar'azumi. Gara ki ji daidai da ki je ki ƙara gishiri."

Na zauna a kan turmi. Ni ba na musu da manya.

Dibora ta durƙusa har ƙasa ta gaida Umma. Yarinyar nan, duk zamanta cikin Turawa, gwiwarta ba ta manta ƙasa ba. Atamfa ce a jikinta da ɗankwali, ga tabarau. Ta bayan tabarau ɗin na ga idon ya kumbura. Na ce a raina, yau akwai magana.

Aka kira Muhammadu, yayan Shu'ibu, daga zaure. Shi ne ɗan fari, don haka Umma ba ta kama sunansa, sai dai "kai". Yelwa ta fito daga madafa ta raɓe a bakin ƙofa.

"An dawo da haƙorin ƙanena?" in ji Muhammadu, ko zama bai gama yi ba. "A ba ni in kai shi inda sauran jikinsa yake."

"Na dawo da shi, Yaya Muhammadu," in ji Dibora.

Umma ta dubi Rifkatu. "Ke an gaya miki?"

"Na hana ta, Umma. Jiya ta sauka, na ce ta riƙe bakinta. Tare aka ɗebi jininmu, tare za mu ji."

Dibora ta buɗe jaka ta fito da wani hoto mai faɗi. Ba hoton mutum ba ne. Wasu 'yan gajerun layuka ne baƙaƙe, jere-jere daga sama zuwa ƙasa, sahu huɗu, kamar adon tabarmar kaba.

"Wannan ne abin da aka yi wata da watanni ana jira?" in ji Muhammadu. "Kashin ƙuda?"

"Kai, yi shiru," in ji Umma. "'Yar nan, yi mini da Hausa."

Dibora ta shimfiɗa hoton a kan tabarma, ta gyara zama.

"Umma, ku mutanen shanu ne. In maraƙi ya ɓace cikin garken wani, yaya kuke gane shi?"

"Mu duba uwarsa, mu duba bijimin. Ba ya fita tsakaninsu."

"To haka mutum yake. A cikin jini, da ƙashi, da gashi, da haƙori, akwai wani zane da Allah ya yi wa kowa. Ido ba ya ganinsa, sai an fito da shi da na'ura. Wurare da yawa muke dubawa. A kowane wuri mutum yana da layi biyu, ɗaya na uwarsa, ɗaya na ubansa. Babu aro, babu saye. Ɗa ba zai rasa layin uwarsa ba ko a wuri ɗaya."

Jama'a, ni makarantar yaƙi da jahilci kawai na yi, ita ma rabi hira ce ta kai ni. Amma wallahi na gane. Yadda yarinyar nan take magana, ko turmin da nake kai ya gane.

"Wannan sahun naki ne, Umma. Na kusa da shi na haƙorin ne. Ba ni zan faɗa ba. Sa yatsanki ki bi."

Umma ta goge hannu a zane. Ta ɗora yatsa a kan layinta na sama, ta ja shi a hankali zuwa sahun haƙori.

Fili.

Ta ɗora a na biyu, ta ja.

Fili.

Ta sauko wuri na gaba. Ta sake ja.

"Ga ɗaya nan!" Muhammadu ya yi tsalle. "Ga shi nan ya yi daidai! Ku duba!"

"Ya yi daidai, Yaya," in ji Dibora. "Ɗaya yakan yi. Ni da Inna 'Yar'azumi ma in aka gwada za a iya samun ɗaya, kamar yadda za ka ga hancin mutum biyu iri ɗaya a kasuwa."

"Allah ya sa mu haɗa na ƙwaƙwalwa," na ce.

Babu wanda ya yi dariya. Na ja bakina.

"Amma uwa da ɗa," Dibora ta ci gaba, "sai sun haɗu a kowane wuri."

Umma ta bi har ƙasa. Ta sake hawa sama ta sauko. Sai ta janye yatsanta ta rungume shi a ƙirji kamar ta taɓa wuta.

"Wannan ba daga cikina ya fito ba."

Yelwa ta zame daga tsaye ta zauna a dandaryar ƙasa.

"Ruwa ne ya ɓata shi!" in ji Muhammadu. "Kwana nawa gawar ta yi a ruwa? Komai ya wanke!"

"Naman jiki ya lalace, gaskiya ne. Shi ya sa likita ya zaɓi haƙori. Haƙori kamar gwangwani yake a rufe, abin da ke cikinsa ruwa ba ya kai masa da wuri."

"To ke ai ɗan'uwanki kike nema. Abin da kike so shi za ki gani."

Na ɗauka za ta fusata. Ko kaɗan. Ta cire tabarau ta goge.

"Na yi wannan tunanin kafin ka yi, Yaya. Shi ya sa ban yarda da hannuna kaɗai ba. Na raba abin biyu na ba wata abokiyar aikina, babu suna, babu labari, ba ta ma san daga wace ƙasa ya fito ba. Nata da nawa suka fito iri ɗaya. Kuma abin da nake so? So nake a ce ba yayana ba ne. So nake in ci gaba da jiransa."

Ta mayar da tabarau ɗin.

Rifkatu ta matso da gwiwa. "Nuna mini nawa."

"Wannan naki ne, Maman Rut. Wannan na Rut. Duk layin Rut da kika gani a naki, ke kika ba ta. Wanda ya rage, ki neme shi a haƙorin."

Rifkatu ta sa yatsa. Ta ja.

Yana nan.

Ta sauko. Yana nan.

Ta sauko. Yana nan.

Ba ta kai ƙasa ba. Ta kifa fuskarta a kan hoton.

"Baban Rut. Baban Rut, ashe kana nan kusa da ni. Ina ta bin tashar mota, ina ta tambayar masunta har Nguru, ashe kullum ta gefenka nake wucewa in je kasuwa."

Umma ce ta fara kai hannu. Ta jawo kan Rifkatu ta ɗora a cinyarta, tana bubbuga bayanta. Ni kuwa na ce hayaƙin madafa ne ya shiga mini ido, ko da yake wutar ta daɗe da mutuwa.

Ku tsaya ku yi tunani, 'yan zamani. Haƙori ɗaya. Ya kwana a ruwa, ya zauna a kwalba, ya hau jirgin sama wanda mai shi bai taɓa hawa ba, ya je ya faɗi sunan 'yarsa a gaban Turawa, ya dawo. Mu gari guda da idanunmu muka kasa. Ilimi dai, Allah ya ƙara wa masu shi.

Muhammadu ya cire hula ya riƙe kai.

"Innalillahi. Ni na wanke shi. Ni na sa masa likkafani. Ni ne a sahun gaba. Liman ya tambaye ni, ka tabbata? Na ce ƙanena ne! Yanzu in je in ce masa Malam Filibus muka sallata?"

"Allah ya san wanda ya karɓa," in ji Umma. "Ba kai za ka gaya masa ba."

Rifkatu ta ɗago, fuska duk hawaye. "Umma, duk sadakar da kika yi, duk Juma'a kina dama fura kina rabawa..."

"Na ce miki a dawo mini da ita ne? Ya ci rabonsa. Baƙo ne ya kwana a ɗakin ɗana."

"Amma kambun fa?" Muhammadu ya buga ƙafa. "Kambun fa? Ni na yanke shi da hannuna! Ko shi ma Ingila za ta ce ba namu ba ne?"

"Wannan kam na'ura ba ta sani ba," in ji Dibora.

"Laya a jikin Baban Rut?" in ji Rifkatu. "Dattijon coci? Mutumin da ko rubutun sha ya gani sai ya kau da kai?"

Sai muka ji murya daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa.

"Shi ya ɗaura masa."

Yelwa ce. Kanta a sunkuye.

"Haka Baban Gana yake yi." Mijinta take nufi, Gana babban ɗansu ne. "In ya ga fasinja jikinsa na rawa, sai ya kwance kambun ya ɗaura masa, ya ce riƙe mini wannan, ruwa ya san shi. In an kai gaɓa ya karɓi abinsa. Ya ce mai tsoro shi ke kifar da jirgi, in hankalinsa ya kwanta an tsira."

"Kin san haka kika yi shiru?" in ji Muhammadu.

"Wa ya tambaye ni, Yaya? Ina ɗaki kuka shigo kuka ce shi ne, aka miƙo mini kayan takaba. Kuma ko a mafarki ban zaci Malam zai yarda a ɗaura masa ba."

Rifkatu ta yi wata irin dariya cikin kuka.

"Zai yarda. Wallahi zai yarda. Mutumin dutse ne, a garinsu rafi iyakarsa idon sawu. In zai hau jirgin nan tun dare yake kasa cin tuwo. Ya taɓa ce mini, Shu'ibu yana da wata dabara da yake yi mini, kada ki tambaya, Fasto zai ji."

Umma ta rufe ido tana jijjiga kai.

"Ni na sa aka ɗinka masa. Na ce mu mutanen tudu ne, ruwa bai san mu ba, kada ka raba shi da jikinka. Ranar da ruwa ya fi hauka, ranar ya kwance ya ba wani." Ta share ido da gefen mayafi. "Ɗana ke nan. Wannan ko babu na'ura na gane shi."

Sai Yelwa ta ɗago kai, karo na farko, ta dubi Dibora ido cikin ido.

"Anti Dibora, na'urar taki ta ce ya mutu?"

"A'a."

"Ta ce yana raye?"

"Ba ta ce ba. Abin da ta ce kawai, ba shi ne a kabarin nan ba."

"Ke a ganinki fa?" in ji Umma. "Kada ki sa mini rai, 'yar nan. Kuma kada ki cire mini."

"Umma, ba zan faɗi abin da ban gani ba. Da zan iya, da na fara yi wa kaina."

Yelwa ta dubi hannuwanta.

"To ni takabar wa na yi? Jibi a ɗaura mini aure a matsayin me?"

Nan Muhammadu ya mayar da hularsa, ya gyara murya. Na san wannan gyaran muryar, ta masu shirin rufe tukunya ce.

"Ku saurare ni. Damina biyu ke nan. Wa ya taɓa fita daga ruwan nan da rai? Da yana raye da bai dawo ba? Gawarsa tana wani wuri, Allah ya ji ƙansa. Yelwa tana da 'ya'ya biyu, Bala ya yarda zai riƙe su. An raba goro, an gaya wa dangi har na Kaugama. Maganar nan ta tsaya a tsakar gidan nan har a shafa fatiha. Bayan nan Maman Rut, ni da kaina zan kai ki in nuna miki wurin."

"Ni ba zan ce a tone shi ba," in ji Rifkatu. "Inda ya kwanta ya kwanta. Amma in yi shiru, Yaya Muhammadu? In sa baƙi ko kada in sa?"

"Kwana biyu kawai. Babu wanda zai ji. Mu nawa ne a nan?"

Ya fara dubanmu ɗaya bayan ɗaya. Umma. Yelwa. Rifkatu. Dibora.

Idonsa ya sauka a kaina.

Duk suka juyo.

"Me kuke kallona?" na ce. "Ni rariya na zo aro."

"Shi ke nan," in ji Muhammadu. "Mun mutu."

Bai rufe baki ba muka ji guɗa daga waje. Ayyiriri! Da sallama, da shewa, da ƙarar kwanuka. Matan gidan su Bala ne daga Auyo, sun kawo kayan aure. A gabansu Gwaggo Saude, ƙanwar uban Bala, doguwa mai muryar shela, da akwati a ka.

"Ina amarya? Ina amaryarmu take ɓuya?"

Muhammadu ya sa ƙafa ya tura hoton ƙarƙashin tabarma. Ya sunkuyo wajen Yelwa yana magana ta cikin haƙora.

"Ki tuna da 'ya'yanki. In kika buɗe baki, ba aure, ba miji, haka za ki zauna har ki tsufa."

Yelwa ta dubi Umma. Umma ba ta ce yi ba, ba ta ce bari ba.

Yarinyar nan da ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji, ta miƙe. Ta gyara mayafi. Ta taka har tsakiyar gida ta tare gaban Gwaggo Saude daidai lokacin da ta kai hannu za ta sauke akwati.

"Gwaggo, kada ki sauke."

Guɗa ta tsaya cak.

"Kada in sauke kamar yaya?"

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Ba zan karɓi kayan nan ba. Baban Gana ba ya cikin kabarin nan. Har yanzu ni matar aure ce."

Na zuba wa Saude ido, don ni fuska nake karantawa, ba takarda ba. Na jira ta yi salati. Na jira ta ce wace irin hauka ce wannan.

Ba ta yi ko ɗaya ba.

Hannunta ya saki, akwatin ya faɗo ya fashe, atamfofi suka watse a ƙasa. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta dafe ƙirji, ta waiga ta dubi matan da ke bayanta.

"A cikinku wace mai dogon bakin ce ta gaya musu Bala ya ga Shu'ibu a Gashuwa?"